Jiragen da Inna Take Tambaya

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, a wurinmu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. In tana so ya zo cin abinci sai ta ce da ni, "Kai, gaya wa wancan tuwo yana hucewa." In zazzaɓi ya kwantar da shi, ita za ta dafa sassaƙe, amma ni za ta ba in kai masa, ta kuma ja min kunne kada in faɗi inda ya fito. Yaran yanzu in suka ji haka sai su ce rashin ƙauna ne. Ba su san komai ba. Kunya ce, mai ɗauke da ita kuwa shi kaɗai ya san nauyinta.

Ƙauyenmu yana gabas da Ɗambatta, tafiyar hantsi a ƙasa. Wuri ne da ba a bar ko taku ɗaya ba a noma ba. Gona tana ƙarewa wata tana farawa, iyakarsu layin gamba ko 'yan itatuwan lalle. Da Baba ya rasu aka yi rabo, abin da ya zo hannunmu ni da Yaya, mai ƙarfin hannu zai jefa hoge daga wannan iyaka ya faɗa waccan. Ba za ta ciyar da gida biyu ba, kowa ya sani, ba dai wanda ya furta. Ni ina da mata da tsohon ciki. Shi kuwa tasa ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke aka shiga shelar ɗaukar soja, sai Yaya ya same ni a zaure ina kan keken ɗinki. Ya jingina fartanyarsa a bango ya ce, "Riƙe wannan. Kai kaɗai gonar za ta ishe ka." Na yi 'yar gardama ta fatar baki. Yau da furfura a kaina zan faɗi gaskiya: a cikin raina daɗi na ji.

Ranar tafiyarsa ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna yana yi mata sallama. Ba ta fito ba. Daga ciki ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," kamar mai sallamar wanda za shi kasuwa ya dawo da la'asar.

Ni tela ne, Allah kuma ya yi ni da baki. Na ɗan zauna a ajin yaƙi da jahilci, ina iya haɗa baƙi in karanta jarida da ƙyar, ga kuma 'yar rediyo da nake ratayewa a ƙusa. Wannan kaɗai ya isa a ƙauye irin namu a ɗauke ka masani. Zaurena ya zama majalisa. Mai ɗinki ya zo, wanda ba shi da ko ƙyalle ma ya zo.

Ana nan sai jirage suka fara wucewa ta kanmu. Daga filin jirgin Kano suke tashi, su yi kewaye ta arewa suna gwaji kafin a tura su kudu. Mun saba da jirgi mai farfela, wanda za ka ji gurnaninsa tun daga nesa ka fito ka kalle shi a tsanake. Waɗannan ba haka suke ba. Sai ya wuce tukuna ƙararsa take biyo shi, ta faɗo maka a ka kamar an tsaga sama. Ran da na farko ya wuce, jakin maƙwabcinmu ya tsinke igiya, mata suka watsar da taɓare, wani dattijo da ke alwala ya kama salati da buta a hannu.

Daga ranar na zama malamin jirage. Duk takardar jaridar da aka naɗo min yadi a ciki, in akwai hoton jirgi sai in yanke in manna a bangon zaure da ƙaro. Ina nuna wa mutane da tsinken almakashi. Ga na Rasha, mai fukafukai a karkace baya kamar tsattsewa, hancinsa a buɗe kamar bakin tulu. Wannan in ya tashi, kafin ka gama cin malmala ɗaya ya kai bakin daga. Ga ƙaraminsa mai kujera biyu, asalinsa na koyon tuƙi ne aka ɗaura masa bindiga. Ga kuma babban mai inji biyu, mai ɗaukar bam a ciki, wanda muka sa wa suna ungulu. Har kukan kowanne na iya da baki, in na kwaikwaya yara su yi ta birgima don dariya. In aka zo kan ƙasashe kuwa nan nake baje koli. Ingila, in ji ni, ta ba mu tuwo ta hana mu miya, ta aiko da bindigogi da motoci masu sulke ta riƙe jirage. Rasha ce ta cika 'yar halak. Faransa kuwa an ce ta ƙofar baya take miƙa wa 'yan can, waɗanda ake yaƙi da su, makamai. Su matuƙan ma ba namu ba ne, baƙi ne aka ɗauko daga ƙasashe masu nisa, ni kuwa har wannan ina ƙirga shi cikin abin alfahari.

Mutum ɗaya ne bai taɓa tafa min ba. Wani tsoho ne da ya yi yaƙin Turawa a ƙasar Boma ya dawo da muƙamin saje, kowa Baba Saje yake ce masa. A bakin zaure yake zama yana tufkar igiya. Wata rana na gama zuba, sai ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Tela, ka taɓa kwanciya a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu?"

Na ce, "Baba, ai namu ne."

Ya ce, "Namu? Da gero muka saya ko da dawa? Banza ba ta kai zomo kasuwa, yaro. Mutum ya baro garinsu, bai san sunan garinka ba, bai san yarenka ba, ya zo ya taya ka dukan ɗan'uwanka. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga."

Ni kuwa da ba na son a kayar da ni a zaurena, na ce tsufa ne, Baba Saje ya tsaya a zamanin bindiga mai ruwa. Aka yi dariya, ya ci gaba da tufkarsa.

Shekarun nan sun yi tsanani. Samari sun ragu, in ka kira gayya rabin masu zuwa dattawa ne. Kananzir ya yi wuya, yadi ya yi tsada, aikina ya koma faci a kan faci. Abin da yake sanyaya gidanmu shi ne wasiƙar Yaya, wadda takan zo bayan wata biyu ko uku ta hannun wani mai shago a Ɗambatta. Karanta ta ma wani aiki ne. Ba zan ce, "Inna, ga wasiƙar ɗanki" ba, ai sai ta tashi ta bar wurin. Sai in zauna a tsakar gida in ce da matata, "Zo ki ji," in ɗaga murya kamar mai shela. Inna tana gefe a inuwar rumbu ta juya mana baya tana kaɗi. Mazarinta nake kallo. In na fara karatu sai ya rage gudu. In na zo inda ya ce yana gaida Inna, ta yafe masa, sai mazarin ya tsaya cak. Ina gamawa za ta ce, "Kun cika wa mutane kunne," ta ci gaba da murza audugarta.

Sai wasiƙu suka ɗauke. Wata uku, wata huɗu, har muka yi shuka muka yi noman fari, shiru. Duk ranar kasuwa in je wurin mai shago, tun daga nesa ya girgiza min kai.

A lokacin ne Inna ta fara tambayata jirage. Tsohuwar da ko mota ba ta taɓa shiga ba. Na shigo cin abincin rana, ta ajiye min ƙwarya, maimakon ta tafi sai ta tsaya tana gyara bakin zane.

"Wannan abin da yake wucewa, mai tsawar nan. Can yake zuwa?"

"Can yake zuwa, Inna."

"Ya kwana nawa a hanya?"

"Kwana? Ai kafin ki sauke tukunya ya isa."

Sai ta ce, "Su na can ɗin, suna da irinsa?"

Na ce ba su da shi, na kawo mata lissafin da nake yi a zaure, na Rasha da ƙaraminsa da ungulu. Ta saurara har ƙarshe, abin da ko masu zaman zaurena ba kullum suke yi ba. Da farko na ɗauka kaifin bakina ne ya kai har cikin gida. Sai da matata ta ce da ni, "Kai dai da wayonka. Jirgi take tambaya?" Sannan na gane. Ba ta da ikon ta ce ina ɗana, yana raye ko ya mutu. Jirgi kuwa ba ɗanta ba ne, tana iya tambayarsa sau goma a yini.

Daga nan kusan kullum da tambayarta. Da rediyo ta ce 'yan can sun samo wasu ƙananan jirage masu farfela, Turawan haya suna tuƙa musu, suna bi ƙasa-ƙasa ta saman itatuwa su kai hari, labarin ya riga ni shiga gida. Na tarar ba ta taɓa furarta ba.

"An ce su ma sun samu."

"Inna, waɗannan ai sauro ne. Namu in ya yi tari kaɗai sun faɗo."

"Sauro ma yana kwantar da mutum," in ji ta. Can kuma ta ce, "Shi mai tuƙin naku, daga can sama yana ganin mutanen ƙasa?"

"Har kazar da ke tsakar gidan nan yana gani."

"To yana rarrabewa? Ya san nasa, ya san wanda ba nasa ba?"

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, ko a jarida ban taɓa karantawa ba. Amma ga tsohuwa ta zuba min ido, abin da ba ta cika yi ba, ga kuma sunan da na yi na masani. Na ce, "Ƙwarai kuwa. Da ya ga kakin sojanmu ya san nasa ne. Ai inuwa yake yi musu."

Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta jawo ƙwaryar furar ta sha.

Tun daga ranar, in jirgi ya wuce kowa yana toshe kunne, Inna sai ta fito tsakar gida ta yi tsaye, ta bi shi da ido har ya ɓace, leɓunanta suna motsi. Ranar Juma'a takan daka gumba ta raba wa yara sadaka. Wata maƙwabciya ta tambaye ta ta mece ce, ta ce ta baƙin nan ce masu tuƙi, Allah ya ƙara musu hasken ido, su ma ai 'ya'yan wasu ne. Gero yana wuya a shekarar, amma ba ta fasa ko sau ɗaya ba. Ni kuwa in na ga yara suna lasar hannu sai in koma zaure in ƙara ƙarfin rediyo.

Bayan an cire gyaɗa, wata ranar kasuwa da azahar, sai ga yara a guje: Yaya ya dawo. Na tashi ban ko cire zare daga keke ba. Ga shi nan tafe a kan turba da jakarsa a kafaɗa, da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu. Ya rame, amma ba abin da ya ragu a jikinsa. Mata suka rangaɗa guɗa. Mutane suna ta "Sannu da zuwa, barka da arziki," shi kuwa sai murmushi yake yana gyaɗa kai. Liman ya tambaye shi hanya, ya ce, "Suna gaishe ku." Ya faɗe ta da ƙarfi, kamar mai magana da wanda ke ƙetaren rafi. Na matsa kusa na ce, "Yaya." Bai juyo ba sai da na taɓa shi.

Baba Saje ne ya fara ganewa. Ya ajiye igiyarsa ya kama hannun Yaya ya shigar da shi zaure, ya kori yara.

Kunnuwansa duka biyu sun tafi. Watannin da muke jiran wasiƙa yana kwance ne a asibitin soja. Da yake ya yi allo yana karanta ajami, sai muka koma rubuta masa tambaya da tsinke a ƙasa, shi kuma ya amsa da baki. Ya ce wani gari ne a bakin rafi, sun kwana biyu da karɓe shi. Da hantsi ne, mutanen garin sun fara fitowa daga daji, mata suna wanki, wata tsohuwa tana sayar musu da gasasshiyar ayaba. Sai suka hango jirgi, ta bayansu ya ɓullo, can sama ƙwarai. Suka miƙe suna ɗaga masa huluna. Abin da ya sani ke nan, sai farkawa ya yi ya ga bakin mutane yana motsi. Abokansa biyu ba su tashi ba. Tsohuwar mai ayaba ma haka, da matan bakin rafi da bai san adadinsu ba.

Ni da baƙin hali, sai na karɓi tsinke na rubuta: jirgin wa?

Ya karanta, ya ɗaga kai ya bi hotunan bangona da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya yi wata 'yar dariya. "Ban tambaye shi ba, ƙanena. Wasu sun ce namu ne labari bai kai masa ba, wasu sun ce na can ne. Shi ma mai tuƙin ban ce ya san mu ba. Daga inda yake, ni da tsohuwar nan duk ɗaya ne."

Baba Saje bai dube ni ba, bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Wanda ba ya jin muryarsa ba ya sanin ƙarfinta. Duk abin da Yaya ya faɗa a zaure ya shiga cikin gida tsaf. Da ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, ta amsa daga ciki kamar yadda ta saba, "An dawo lafiya?" Ya yi ta jira a durƙushe, bai san ta amsa ba, sai da na ɗaga shi. Da yamma ta yi dambu da rama, abincin da ya fi so tun yana yaro, ta miƙo min akushi in kai masa. Na sa hannu zan karɓa, ba ta saki ba.

"Ka ce yana gani," in ji ta.

Ba da faɗa ta faɗa ba, da faɗa ne da na samu abin cewa. Ta saki akushin ta koma ɗaki. Ba ta sake ɗaga maganar ba har ta koma ga Allah, ba ta kuma sake tambayata jirgi ba. Washegari na ɓamɓare hotunan nan, ƙaro ya taho da ƙasar bango, tabonsu ya daɗe a wurin.

Gonar da na ji daɗin samu ni kaɗai, tare muka ci gaba da nomanta. Ta ishe mu ko ba ta ishe mu ba, ban sake auna ta da ido ba.

Wata safiya, kamar sati uku da dawowarsa, Yaya yana zaune a tsakar gida a kan tabarma yana ɓarar gyaɗar iri. Matata ta tafi gidansu da jariri. Ni na shigo ɗaukar zare, ina bayan danga, Inna ba ta san ina nan ba. Ta fito daga ɗaki da faifai a hannu. Ta duba hagu, ta duba dama. Sannan ta tako har bayansa, kusa da shi yadda ban taɓa ganin ta matsa ba, ta tsaya tana kallon ƙeyarsa.

Sai ta kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda aka raɗa masa, wanda ta shekara talatin tana kewaye shi. Ta faɗa a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Ta faɗa na uku, muryarta ta karye a tsakiya. Yaya yana ta ɓarar gyaɗarsa, yana jefa ƙwaya a ƙwarya, ɓawo a gefe.

Ta daɗe a tsaye. Can ta sunkuya ta ɗauki ɓawon gyaɗa ta jefe shi a kafaɗa. Ya juyo a firgice, ya ga ita ce, ya yi sauri zai durƙusa. Ta haɗe fuska ta nuna masa kaji da faifai, wai suna ci masa gyaɗa, ta juya ta shige ɗaki. Kaji kuwa suna can bakin rumbu, ko kusa da shi ba su zo ba.

Na tsaya a bayan danga na yi kuka irin wanda ban yi ba ran da Baba ya rasu.

Na yini ina shawara da zuciyata, domin asirinta ne, ba nawa ba. Da la'asar muna gona mu biyu muna tattara harawa, na kasa riƙewa. Na share ƙasa da tafin hannu na rubuta masa: yau Inna ta kira sunanka, sau uku.

Ya tsuguna ya karanta. Ya sake karantawa yana bin baƙaƙen da yatsa. Sannan ya yi maza ya shafe rubutun, ya waiga wajen gida, ya ce, "Kar ta gani, za ta ji kunya." Inna kuwa ko alif ba ta sani ba, gidan ma yana can nesa.

Yana ta murza ƙasar da ya shafe a tsakanin yatsunsa. Sai ya kamo hannun rigata, ya yi ƙoƙarin rage murya, bai iya ba.

"Ƙanena, da wace irin murya ta faɗa?"

Na ɗauki tsinken. Ni da na iya kukan jirgin Rasha da na ƙaraminsa da na ungulu, na tsuguna a gaban yayana da tsinke a hannu, yana jira, har rana ta faɗi ban rubuta komai ba.